Wa Ke Ciyar da Mai Bishara? Tarihin Kiristancin da Ke Magana da Hausa

A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda ya tsaya. Har yau bai ƙara gaba ba. Turawa sun shimfiɗa shi ne saboda gyaɗa da auduga da fatu, kayan da ake tarawa a kasuwannin arewacin Zamfara irin su Kasuwar Daji da Shinkafi da Zurmi, a ɗora wa raƙuma da jakuna zuwa tasha. Jirgin da ya tafi da buhuna kuwa da mutane yake dawowa: akawuna, makanikai, ma'aikatan reluwe da 'yan tireda daga Kudu, da yawansu Kiristoci. Kamar yadda aka gani a kowane garin tasha a Arewa, irin waɗannan baƙi kan sami wuri a bayan gari su kafa majami'a, su yi ibada da Yarabanci ko Ibo ko Turanci, su biya limaminsu daga albashinsu. Ba su cika damuwa da maƙwabcinsu Bahaushe ba, shi ma bai damu da su ba.

Akwai wani Kiristancin dabam, wanda ke kiran Allah da sunan Allah, yake kiran taron Lahadi sujada, yake kiran mai wa'azinsa Malam. Shi ne ake ji a ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina da Zazzau, da Tsibiri ta ƙasar Gobir, da majami'un Hausa na Gusau da Sakkwato. An saba cewa Turawan mishan ne suka kawo shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya bi tarihin a tsanake zai ga cewa Bature bai cika taka ƙauyen da abin ya kafu ba. Baƙar fata ne ya je, da matarsa da fartanyarsa. Muhawarar da ta fi daɗewa a cikin wannan aiki, wadda ta ci shekara fiye da ɗari ba ta mutu ba, ita ce ta wanda zai ɗauki nauyin cikin wannan mutum.

Ka'idar Venn da abin da aka yi wa Crowther

Tun kafin a kai ga ƙasar Hausa an riga an tsara amsa a takarda. Henry Venn, wanda ya riƙe sakatariyar ƙungiyar CMS ta cocin Ingila daga 1841 zuwa 1872, ya ce burin mishan shi ne ya kafa ikilisiyar da za ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta, sa'an nan Bature ya naɗe tabarmarsa. A kan wannan tunani aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka ceto daga jirgin bayi yana yaro, ya zama bishop a 1864, aka damƙa masa aikin bakin Kwara.

Ka'idar ba ta daɗe da ranta ba bayan mai ita. A 1890 wasu samarin Ingila suka iso Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Suka sa riga da rawani, suka duƙufa koyon Hausa, suka kuma juya kan ma'aikatan Crowther baƙaƙen fata suna tuhumarsu da son duniya da raunin imani. A wani zama da aka yi a Onica cikin wannan shekara aka dakatar da limamansa a gaban idonsa. Tsohon ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891. Abin da ya ba samarin nan ƙarfin yin haka ba ilimi ba ne, domin Crowther ya girme su a aikin da shekaru masu yawa. Albashin kowa daga Landan yake fitowa, su kuwa 'yan gida ne a Landan. Robinson ya mutu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba wanda ya ga ganuwar Kano a cikinsu.

Ko littattafan Hausa na farko da 'yan mishan suka dogara da su, da bakin ɗan ƙasa aka rubuta su. Bajamushen nan J. F. Schön ya sami yawancin Hausarsa ne daga wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a tsakiyar shekarun 1850. Sunan Schön ne a bangon ƙamus. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano yana taimakawa a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912.

Ƙofar da aka rufe

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wata tawaga har fadar Kano. Sarki Alu ya saurare su, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku a kudancin Zazzau, inda ɗayansu ya mutu. Bayan shekara uku, da Lugga ya ci Sakkwato a Maris na 1903, ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu a addininsu ba. Razdanoni suka ɗauki alkawarin nan da faɗi: kusan shekara talatin ba a yarda Baturen mishan ya kafa tasha a cikin masarautun Musulmi ba, sai a wurare ƙalilan. Masu cewa mulkin mallaka da mishan abu ɗaya ne suna da hujja a wurare da yawa na Afirka, amma a Kano da Katsina da Sakkwato joji ne ya fi kowa tsare wa sarki ƙofa, domin ya san zaman lafiyar haraji ya fi masa komai.

Babban togacin shi ne Likita Walter Miller, wanda yake cikin tawagar Tugwell, ya kuma sami izinin zama cikin birnin Zariya a 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya ƙware a Hausa ƙwarewar da ba a cika samun irinta ga Bature ba. Duk da haka shekaru suka shuɗe mabiyansa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Jama'a ta farko mai ɗan yawa da ya samu, ita ta nemo shi da ƙafarta. Su ne Isawa, almajiran wani malamin Kano mai suna Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi da malaman fada ba su yarda da shi ba, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Mabiyansa suka watsu zuwa Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller, aka tara su a wani sabon ƙauye, Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kusan share ƙauyen.

Waɗanda suka tsira da 'ya'yansu su ne ƙashin bayan Wusasa, inda CMS ta koma a 1929 bayan an matsa mata ta fita daga cikin ganuwa. Abin da wannan ɗan ƙauye ya haifar ya fi ƙarfin girmansa. Daga nan Likita R. A. B. Dikko ya fito, likitan zamani na farko daga Arewa kuma ɗaya daga waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga nan John Tafida ya fito, wanda ya rubuta *Jiki Magayi* tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, jinin Isawa ne. Yakubu Gowon ma a nan ya tashi, domin mahaifinsa, mutumin ƙasar Ngas, ma'aikacin coci ne a Wusasa. Amma tsarin Wusasa mai tsada ne: makarantar kwana, asibiti, malamai masu albashi, duk da kuɗin Ingila. Ya fitar da manyan ma'aikata, waɗanda aiki ya kwashe su zuwa Kaduna da Ikko. Bai fitar da rundunar da za ta zauna a ƙauye ba.

Mishan marar albashi

Wannan rundunar daga wata ƙungiya ta fito, wadda ta fara da asara. A Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan, sunan da Turawa ke kiran ƙasashenmu da shi a lokacin. Kafin shekara ta zagayo Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma Kanada, ya sake gwadawa ya kasa, sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda aka sani da SIM, ta kafa tasharta ta farko a Patigi. Ba wata babbar coci a bayanta. Kowane ɗan mishan shi ke neman masu tallafa masa, abin da ya samu shi zai ci. Mutanen da ba su da tabbacin albashin kansu ba su ga dalilin yanka wa ɗan ƙasa albashi ba, suka mayar da wannan hali ya zama aƙida: mai bishara baƙar fata ya ci daga hannun jama'arsa ko daga gonarsa.

Ƙarfin SIM ya fara ne a ƙasashen da ba na Musulmi ba, wato Yagba, Gbagyi, Jaba, Kagoro, Tangale da tsaunukan Filato. Harsunan wuraren nan sun yi yawa, babu mai iya fassara littafi cikin kowanne, sai ƙungiyoyin mishan suka zaɓi Hausa ta zama harshen makarantun Littafi Mai Tsarki. Da cikakkiyar fassarar Hausa ta fito a 1932, wadda Miller ya yi mafi yawan wahalarta, sai ga Bakagore da Batangale da Bagwari suna karanta littafi ɗaya, suna rera waƙa ɗaya. Wannan shawara ta yi wa harshen Hausa hidimar da ba a cika ambata ba: coci ce ta kai shi lungunan da fatake da sarakuna ba su kai shi ba. Ta kuma samar wa mishan abin da bai yi tsammani ba, wato dubban mutane masu jin Hausa waɗanda dokar Razdan ba ta hana su tafiya ko'ina ba.

A shekarun 1930, zamanin Gwamna Donald Cameron da bayansa, aka ɗan sassauta. Ƙofar da aka buɗe ta kuturta ce. Hukumomin En'e suna da matsugunan kutare da suka gagare su kulawa, sai aka miƙa wa SIM: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A 1943 asibitin ido na Kano ya buɗe. Sarakuna sun san abin da suke yi. Suna son magani, sun kuma san mai magani ba zai bar littafinsa a gida ba, ga Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sun lissafa cewa wa'azin da aka killace a bayan gari, cikin mutanen da jama'a ke ƙyama, ba zai yi nisa ba. Lissafin ya yi daidai a bisa yawa. Amma daga waɗannan matsugunai aka sami wasu da suka warke, suka koyi karatun boko da allura da ɗaurin miki, suka koma garuruwansu da sana'ar da ta sa dole a buɗe musu zaure. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta bi sawun irin waɗannan mutane a littafinta na 2014, ta nuna yadda ma'aikacin ɗakin magani da mai sayar da littattafai suka isa inda Bature bai isa ba.

A 1948 aka ba abin tsari. Ikilisiyoyin SIM suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta 'yan ƙasa, wadda daga baya aka san ta da EMS. Ta girmi cocin ECWA kanta, wadda aka kafa a 1954. Manomin Kwoi ko Kaltungo zai kawo damin dawa ranar godiyar kaka, a sayar, a haɗa da baikon ranar Lahadi da abin da zumuntar mata ta tara, a aika wani ɗan'uwa da iyalinsa ƙasar Kano ko Katsina ko Sakkwato. Can zai je wurin mai gari ya roƙi gona.

Gurbin da ya tarar

A nan ne dabarar ta dace da ƙasar, ko da waɗanda suka tsara ta ba su hango haka ba. Ƙauyen Hausa ya daɗe da sanin baƙon malami. Yakan zo da iyalinsa da 'yan littattafansa, a ba shi fili, ya yi noma da damina, ya karantar da rani, ya ci daga kuɗin Laraba da sadaka da zakkar kaka. Ba wanda ke tambayar wa ya aiko shi, domin ana ganin inda tuwonsa ke fitowa. Mai bishara manomi ya shiga gurbi mai kama da wannan. Shi ma Malam ake ce masa. Yana fita gayya, yana zuwa jana'iza da suna, yana karanta wa mutane wasiƙa da takardar haraji, matarsa tana taimakon masu haihuwa. Wanda ya zo da keke sabo da albashin wata kuwa, sunansa yaron Bature, kuma duk abin da ya faɗa za a auna shi da wannan ma'auni. Da ɗan gari akan ci gari, in kuwa babu ɗan gari, sai wanda ya yarda ya rayu kamarsa.

Yawancin waɗanda suka saurare shi Maguzawa ne. Musulmin ƙauye yakan karɓi maganinsa, ya yi masa mutunci, ya tsaya kan addininsa. Su kuwa Maguzawa, tun daga shekarun 1960 duniya ta fara ƙuntata musu: hanyar mota ta iso, makaranta ta iso, kasuwa da kotu da siyasa duk suna tambayar mutum addininsa, ba a kuma karɓar bori da tsafin gida a matsayin amsa. Mafi yawansu suka musulunta. Wasu suka zaɓi coci, saboda dalilai da suka haɗa da imani, da neman karatun yara, da kuma tsohuwar ƙiyayyar talaka da hakimi.

A hayin iyaka ma haka aka bi. SIM ta shiga Damagaram a 1924, ta sauka Tsibiri kusa da Maraɗi bayan 'yan shekaru, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Makarantar da ta kafa a gefen Maraɗi, Maza Tsaye, ta noma ce, don a horar da mutumin da zai riƙe kansa da garma. Barbara Cooper, wadda ta rubuta tarihin Kiristocin Maraɗi a 2006, ta nuna ɗaya fuskar abin: mishan ya daɗe yana jan ƙafa wajen ba yara ilimin Faransanci, don gudun kada su bar gona su bi aikin gwamnati, kuma Kiristocin ƙasar ba su yafe wannan da wuri ba.

Ibadar ma a hannun 'yan ƙasa ta sami kamanninta. Masu fassara sun tarar da Hausa cike da kalmomin da Musulunci ya riga ya shuka, irin su annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, sai suka ɗauka suka yi aiki da su. An yi gardama kan ko a rubuta Isa ko Yesu, Yesu ya yi rinjaye. Kan sunan Allah kuwa ba a sami wata rigima ba, abin da ya kai ga kotu a Malesiya, inda a 2013 aka hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar. Waƙoƙin farko fassarar na Ingila da Amurka ne, an ɗora kalmomin Hausa a kan karin da bai san hawa da saukar muryar Hausa ba, shi ya sa wasu baitocin ke fita a karkace ga kunnen Bahaushe. Turawan SIM da dama sun ƙi ganga, suna ganin ta bori ce. Matan zumunta ne suka shigo da tulu da caki da salon bayarwa da amshi, suka tsara waƙoƙinsu da kansu. Duk wanda ya taɓa wuce cocin Hausa ranar Lahadi ya ji amon tulun nan, ya ji abin da Bature bai kawo ba.

Kada a ɗauka tsarin adalci ne tsantsa. Sauƙinsa ga mishan yake, nauyinsa kuwa ga mai bishara da matarsa. Baturen da ke wa'azin dogara ga Allah yana da hutun gida bayan 'yan shekaru, yana da wurin shan iska a Miango, 'ya'yansa suna Kent Academy ko Hillcrest ta Jos. Abokin aikinsa baƙar fata yana ƙauyen da ba makaranta ba asibiti, in damina ta ƙi shi ma ya ƙi, in ya tsufa ba fansho. Ilimin 'ya'yan masu bishara ya zama ciwon da EMS ta daɗe tana jinya, har ta kai ga buɗe musu makarantu na musamman. Aƙidar ciyar da kai gaskiya ce, amma ta fi daɗin faɗa a bakin wanda ba shi zai kwana da yunwa ba.

Bayan tafiyar Turawa

Shekarun 1960 sun jarraba ginin. Daga 1963 Sardauna Ahmadu Bello ya shiga rangadin musuluntarwa da ƙarfin gwamnati da gudummawar ƙasashen Larabawa, masu bishara na karkara suka ji a jikinsu. A 1966 kashe-kashen da suka biyo juyin mulki suka kori 'yan Kudu, majami'un garuruwan tasha suka zama kango na ɗan lokaci. A farkon shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa, samun takardar zama ya yi wa Turawa wuya. Abin da ya dogara da baƙo ya girgiza. Abin da ke tsaye kan damin dawa bai motsa ba.

A daidai lokacin ake wata muhawara a faɗin Afirka. A 1971 John Gatu na Kenya ya nemi a dakatar da aiko 'yan mishan da kuɗinsu na wasu shekaru, don ikilisiyoyin Afirka su koyi tsayawa da ƙafarsu, taron Lusaka na 1974 ya goyi bayansa. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya taɓa zama babban sakataren ECWA, yana cikin waɗanda suka ƙi. A ganinsa gyara ake bukata, ba yanke zumunci ba. A aikace cocinsa ta riga ta yi nisa a hanyar da Gatu ke nunawa. A 1976 SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta a Nijeriya. Panya Baba, Bagwarin Karu, ya riƙe EMS daga 1970 zuwa 1988, adadin masu bishararta ya ninninka a hannunsa, ta fara aikawa har ƙetare. A 1975 kuma wasu matasa masu yi wa ƙasa hidima suka fara abin da ya zama CAPRO a Zariya, su ma ba da albashi ba.

Sai dala ta dawo ta wata ƙofa. Wasu ƙungiyoyin Amurka suka gano cewa kuɗin da zai riƙe iyalin Ba'amurke ɗaya a Afirka ko Asiya zai riƙe 'yan ƙasa da yawa, suka mayar da "tallafa wa ɗan ƙasa" taken neman gudummawa. Hujjar tana da ƙarfi, haɗarinta kuma tsoho ne: mai bishara ya koma rubuta rahoton da zai faranta ran mai aiko kuɗi, da hotuna da ƙididdigar tubabbu, maimakon ya amsa wa dattawan cocin da suka san gonarsa. Gospel for Asia, ɗaya daga manyan masu wannan salo, ta biya dala miliyan 37 a 2019 don sasanta ƙarar da masu ba ta gudummawa suka kai kan yadda aka sarrafa kuɗinsu, ko da yake ba ta amsa laifi ba. Mai karatu Musulmi ba zai rasa gane wannan ciwo ba. Tun da kuɗin ƙasashen Larabawa ya fara shigowa harkar da'awa ake irin wannan tambaya a masallatai: malamin da ba unguwa ke ciyar da shi ba, wa yake jin tsoron ɓata wa rai?

Arewacin Zamfara shi ne inda duk waɗannan hanyoyi suka sirance. Ƙasar Alibawa ce, ƙasar Namoda da ya yi yaƙin Alƙalawa, Musulunci ya daɗe da kafuwa a cikinta, kuma Maguzawan lardin sun fi yawa can kudu wajen Kwatarkwashi da Tsafe. Katolika ta zo ta hannun limaman Dominikan na Amurka, waɗanda suka zauna a Gusau a shekarun 1950. Angilikan ta ba Gusau bishop nata a 1999, shekarar da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a. Kiristocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi har yanzu yawancinsu mutanen aiki ne da kasuwa: 'yan sanda, sojoji, ma'aikatan lafiya, masu shaguna, ɗalibai da malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka buɗe a Ƙaura a 1983. Inda ake sujada da Hausa, sau da yawa mai jan ta jikan waɗancan manoman Kudancin Kaduna ne ko Filato ko Tangale.

Tsarin da aka gina a 1948 ya ɗauka cewa akwai gona, akwai kuma hanyar zuwa gona. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna rushe wannan zato a dazukan Zurmi da Shinkafi da Birnin Magaji. Suna sa wa ƙauyuka harajin shuka da na girbi, suna ɗauke mutum a bakin kunya, kuma mafi yawan waɗanda suka kashe ko suka kora Musulmi ne, har da limamai da malaman allo waɗanda su ma da gona suke rayuwa. Mai wa'azin da ba zai iya noma ba, ko na wane addini ne, ya koma jiran abin da za a turo masa daga birni ta waya. A Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara don a matsa wa 'yan bindiga. Gusau ta sami layinta bayan wata guda. Ƙananan hukumomin arewa sun yi makonni babu kasuwar da za a kai hatsi, sun kuma yi kusan wata uku babu wayar da kuɗi zai shigo ta cikinta.